Rigimar Da Aka Shirya

"Wato ku ba ku taɓa saɓawa ba?" Malama ta tambaya, tana juya alli a tsakanin yatsunta.

Su huɗun suka girgiza kai kusan a tare. Ɗakin bitar yana can saman benen ofishin motocin asibiti, mai taga ɗaya da fanka ɗaya, ita ma fankar juyawa take kamar an yi mata dole. Tun da aka haɗe ma'aikatan rassa biyu aka cakuɗa su a motoci, hukuma ta ɗauko Malama daga waje ta horar da kowane rukuni. Sharaɗin ba shi da tsawo: rukunin da ta ce ya haɗu, a bar shi a motarsa, wanda ta ce bai haɗu ba, a wargaza shi, a raba mutanensa a wasu motocin.

Tun ranar farko ta zana tsani a jikin allo. A matakin ƙasa ta rubuta sanin juna, na samansa rigima, sannan shiri, can ƙoli kuma aiki. Ta yi wa rukuninsu ɗigo a matakin ƙasa, kuma har yau, ana gobe za a rufe bita, ɗigon yana nan kamar ƙuda ya mutu a wurin.

"Zo mu zauna, zo mu saɓa ne," in ji ta. "Rukunin da bai taɓa rigima ba, ko dai mala'iku ne, ko kuma akwai abin da kowa ya zauna a kai."

"Mu mala'ikun ne, Malama," in ji Baba Direba, dattijon da ke jan motarsu. "Fukafukan muka baro a mota, ƙofar nan taku ta yi ƙunci."

Aka yi dariya, amma ta Auta ba ta wuce leɓe ba. Ita ce nas ɗin rukunin, kuma ta fi kowa sanin abin da aka zauna a kai. Ta saci kallon yayanta, shugaban rukunin, wanda kowa ya ari bakinta yake ce masa Yaya. Yana zaune a miƙe kamar kullum, hannun dama a kan gwiwa, na hagu a cikin aljihu.

Wannan hannun ne ya riƙe ta ranar da mahaifinsu ya rasu, shi ya kai ta makaranta, shi ya koya mata naɗa bandeji tun kafin a koya mata a aji. Bara ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, kamar ganye idan iska ta gifta, daga baya ya soma sakin abu ba tare da ya yi shawara da mai shi ba. A gida matarsa ce ke saka masa maɓallan riga a bayan ƙofa, don kada yara su gani. Shayinsa rabin kofi ake zuba masa. Ba wanda ya taɓa furta maganar, har Mama da take binsa da ido idan zai fita. A wurin aiki kuma rukuninsa ne suturarsa. Idan aka wargaza su aka jefa shi cikin baƙin ido, ba za a daɗe ba za a gane, kuma mutumin da bai san wata rayuwa ba sai jiniya da bene da gadon ɗaukar mara lafiya zai koma gida ya zauna yana kallon bango.

Auta ta rantse a ranta ba za a yi haka tana numfashi ba.

Da aka tashi hutun rana ta tara su a bayan motarsu, ta ja ƙofa. Ciki ya ɗume da zafi da warin maganin goge-goge.

"Rigima take so," ta ce, ta rage murya. "To mu ba ta rigima. Mu shirya ta a nan, mu hau mu yi mata, ta matsar da ɗigon nan. Gobe mu sauko mata da bahonta, shi ke nan, ba mai raba mu."

Bahon shi ne jarrabawar ƙarshe. Malama takan cika shi da ruwa ta ɗora a kan gadon ɗaukar mara lafiya, ta ce a sauko da shi daga ɗakin bita har tsakar gida.

"Kai, 'yar nan!" Baba Direba ya dafe ƙirji. "Wasan kwaikwayo da tsufana? To ni wa zan zaga?"

"Kai za a zaga, Baba. Birkinka."

"Birkina? Birkin da ko ƙwai aka ɗora a kan mota ba zai gangara ba?"

"Shi ya sa ba zai yi maka zafi ba. Kai kuma sai ka ce Dogo yana shanye shayin filas. Ni in shiga, murya ta tashi, Yaya ya buga tebur, a ba juna haƙuri."

Yaya bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya dai tsura wa igiyoyin gadon ido.

Dogo shi ne baƙon cikinsu, daga ɗaya reshen aka kawo shi. Mutum ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda shirunsu ke cika wuri. Auta ba za ta iya tuna ranar da ta fara gane takunsa a cikin takun mutane ba. Ta dai wayi gari ta ga zuciyarta tana riga idonta juyawa idan ya shigo. Ya ce mata da an gama bitar nan zai sami Yaya ya yi masa maganarta, kuma tun daga lokacin take jin kamar ta haɗiyi fitila.

Akwai kuma abin da ba su taɓa tattaunawa ba. Idan ana saukowa daga bene, ita da Baba Direba ke riƙe gadon ta sama, Yaya da Dogo ta ƙasa, inda nauyin yake taruwa. Tun zuwansa Dogo yake riƙe nasa mariƙin da hannu ɗaya, ya zura ɗayan a ƙarƙashin na Yaya, a ɓoye. Shekaranjiya, a wani bene mai ƙunci, suna ɗauke da wata tsohuwa da ta karye a ƙugu, gadon ya sunkuya gefen Yaya. Tsohuwar ta yi salati. Dogo ya tare ƙarfen da gwiwarsa, aka ci gaba da sauka kamar ba a yi komai ba.

"Auta," in ji Dogo yanzu, "da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Tsoro kake ji?"

"Ban iya faɗan ƙarya ba. Idan na buɗe baki, ban san inda zai tsaya ba."

"Ka ce shayi kawai. Shayi! Saboda ni."

Ya shafa gwiwarsa, ya ce to. Ta kawar da kai daga gwiwar.

Sun koma ɗakin bita, Malama ba ta gama zama ba Auta ta buɗe wuta.

"Malama, ni dai na gaji da haɗiye magana. Baba yana taka birki kamar yana kashe kunama. Ina riƙe da allura, sai in ji ni a bayan kujerarsa!"

"Ni?" Baba Direba ya miƙe, har da gyara hula. "Yarinyar da na sani tana tallar majina? To tunda abin tonon silili ne, wancan dogon banzan fa, da yake shanye mana shayi? Filas guda, sai ka ce rijiya aka haƙa masa a ciki!"

Duk suka juya ga Dogo.

"Shayin... ba ni kaɗai nake sha ba."

Auta ta ɗaga murya, Baba ya ƙara tasa, ya yi rantsuwa da furfurarsa. A daidai inda aka tsara, Yaya ya buga tebur da hannun dama ya ce ya isa. Baba ya miƙa wa Dogo hannu, fuskarsa cike da nadama irin ta gwanaye.

Malama ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gama?" ta ce. "Sannunku. Na ga rigima iri-iri a aikin nan, amma yau na fara ganin wadda kowa yake jiran ɗan'uwansa ya kai aya kafin ya karɓa." Ba ta yi dariya ba. "Ba don ina jin daɗin hayaniya na sa matakin nan a tsani ba. Mutanen da ba za su iya gaya wa juna gaskiya a ɗaki ba, ba za su gaya wa juna a kan bene ba, ran da rai yake hannunsu. Ba zan iya cewa kun haɗu ba."

Ta ɗauki tsumman goge allo ta nufi ɗigon.

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Auta. Ta hango Yaya a cikin wata motar, baƙi suna kallon aljihunsa. Ta hango shi a gida, a kujerar da mahaifinsu ya ƙare kwanakinsa. Gaskiya Malama take so, abu mai jini a jika. Idonta ya faɗa kan Dogo, wanda bai taɓa ce mata a'a ba, wanda ya saba ɗaukar kusurwa biyu. Zai ɗauki wannan ma.

"To ga gaskiya!" Muryarta ta fita da kaifin da ita ma ba ta san tana da shi ba. "Shi ne matsalar rukunin nan. Shekaranjiya saura ƙiris ya kayar da tsohuwa a kan bene. Sakaci gare shi, mu muke rufa masa asiri!"

Hannun Malama ya tsaya a iska. Ta juyo a hankali.

"Wannan magana ce babba," in ji ta. "Ta wuce ɗakin nan. Dogo, haka aka yi?"

Sai a lokacin Auta ta ji nauyin abin da ta jefa. Wanda aka ce ya kusa kayar da mara lafiya, kakinsa ake karɓewa.

Dogo bai dubi Malama ba. Auta ya duba, kallon da ba fushi a cikinsa, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi. Sannan ya mayar da idonsa kan Yaya, ya jira. Fanka ta juya, ta sake juyawa. Yaya yana kallon tebur.

"Yaya," in ji Dogo a hankali. "Ba za ka ce komai ba?"

Shiru.

Dogo ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura ta yi baƙi, da shatin ƙarfe kwance a kanta.

"Ga sakacina, Malama."

"Dogo, don Allah," in ji Auta.

"Na gaya miki ban san inda zai tsaya ba." Ya juya ga Yaya. "Hannunka ba ya riƙo, Yaya. Ka sani, na sani, Baba ya sani, ita ma ta sani. Kullum muka hau bene da addu'a nake saukowa. Ba gwiwata nake ji ba, wallahi ko karyewa ta yi ba komai. Tsohuwar nan nake ji. Ta kama rigata tana cewa ɗana kada ku yar da ni. Uwar wani ce! Ran da gwiwata ba ta kai ba fa?"

"Yaro, iya bakinka!" Baba Direba ya daka masa tsawa, wannan karon ba gyaran hula. "Kana cikin zanin goyo mutumin nan yake sauko da mutane daga bene."

"Kai ma ka daina, Baba! Kai ne kake ajiye mota nesa da ƙofa don kada masu gadi su ga yadda muke saukewa."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Munafuki!" Auta ta miƙe, hawaye na zuba, ba irin waɗanda ta shirya ba. "Ka ci amanarmu. Da na san haka kake, da ban taɓa..."

"Ni na ci amana? Ke da kika ɗora mini kisan kai yanzun nan don ki..."

"Auta."

Yaya ne. Bai buga tebur ba. Ya zaro hannun hagu daga aljihu ya ɗora shi a kan tebur, a gaban kowa. Hannun ya kama rawa, zoben azurfarsa yana ƙwanƙwasa katako, ƙas-ƙas-ƙas, kamar wani yana neman izinin shigowa.

"Zauna," ya ce mata. "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ke kika ce a yi faɗa." Ya dubi hannun kamar na wani ne. "Ni na saki gadon, Malama. Yaron nan ya tare. Kuma da ya tambaye ni yanzu, na yi shiru ina fatan ya haɗiye. Wannan ya fi sakin gadon muni."

A waje wata mota ta fita da jiniya, kukanta ya yi nisa ya ɓace.

Malama ta ajiye tsumman. Ta ɗauki alli ta yi sabon ɗigo a mataki na biyu.

"Nan rukunoni da yawa suke mutuwa," in ji ta. "Hawa kansa ba wuya, wucewa mataki na gaba ne aiki. Ku ɗauko gadon."

"Gobe ne ai," in ji Baba Direba da dasasshiyar murya.

"Idan aka kira ku yanzu, gobe za ku ce?"

Ta cika bahon da kanta a famfon baranda, har ruwan yana lasar baki, ta ɗora a tsakiyar gadon. Ba ta ce ga inda kowa zai tsaya ba. Suka yi cirko-cirko a bakin matakala, ba mai kallon wani. Auta tana jin numfashin Dogo a gefenta kamar wuta.

Yaya ya taka zuwa mariƙinsa na kullum. Ya tsaya a kansa. Ya daɗe.

"Dogo," ya ce, bai ɗago ba. "Gwiwar za ta ɗauki ƙasa kai kaɗai?"

"Za ta ɗauka. Amma da baya zan sauka, ba zan ga matakala ba."

"Ni zan gani."

Yaya ya wuce ya tsaya a bayan Dogo, ya kama ƙarfen bene da hannun dama, don idan Dogo ya zame ya sami abin tare shi. Saura hannu ɗaya. Ya ɗora shi a tsakiyar bayan Dogo. Daga sama Auta ta ga rigar tana karkarwa a ƙarƙashin tafin yayanta, ta ga wuyan Dogo ya sandare.

"Ɗaga," in ji Yaya. "Taka. Taka. Baba, sassauta naka, kana tura shi."

"Ni nake turawa?"

"Kai kake turawa."

Baba ya sassauta. Ruwan ya yi lilo ya dawo. Auta ta riƙe nata mariƙin har yatsunta suka yi fari. Ba ta taɓa lura cewa benen nan yana da tsayi haka ba, ko cewa gefen wata matakalar ya guntule. Dogo yana sauka cikin duhun bayansa, idonsa a kan ruwa, ba abin da yake da shi sai muryar mutumin da ya tona wa asiri ɗazu.

"Auta, kin yi sama da yawa," in ji Dogo, bai dube ta ba.

Ta so ta ce masa ya yi mata shiru. Ta sauke hannu.

A kwana gadon ya ƙi juyawa. Sai an ɗaga ƙasan sama da ƙarfen bene, kuma nauyin duka ya koma kan gwiwar nan. Dogo ya ɗaga. Gumi ya gangaro masa cikin ido. Ƙafarsa ta hagu ta fita neman matakala, ta tsaya a iska, a daidai guntulallen wurin.

Yaya bai ce komai ba.

Auta ta leƙa ƙasa. Ta ga fuskar yayanta daga sama, a murtuke, ba ta iya karanta ta ba. Gwiwar Dogo ta fara lanƙwasa. Ruwa ya fantsalo ya jiƙa masa ƙirji.

"Kada ka taka nan," in ji Yaya. Ya matso ya sa kafaɗarsa a bayansa. "Jingina da ni. Jingina, na ce, ba zan faɗi ba. Matsa dama. Ƙara. To taka, ƙanina."

Ƙafar ta sami ƙasa.

Da suka ajiye gadon a tsakar gida, Baba Direba ya zube a kan dakali yana haki, ya ce daga yau duk wanda ya ƙara ce masa wasan kwaikwayo sai ya taka shi da mota, kuma ba zai taka birki ba. Malama ta leƙa bahon. Ruwan ya ragu da kamar faɗin yatsa biyu.

"Mara lafiyarku ya jiƙe, amma ya iso," ta ce. "Zan ce kun haɗu. Hannun Yaya kuwa, ni ba likita ba ce, ba kuma ni zan kai maganarsa ba. Sai dai ku sani, idan kuka koma kuka sake zama a kanta, tsanin nan gangarowa ake yi."

"Ofishin likitan hukuma yana buɗe har yanzu?" Yaya ya tambaya.

"Yaya, idan ya ce ka ajiye aiki fa?" in ji Auta.

"Sai ya ce. Idan kuma ya ce in riƙa tsayawa a baya ina kiran matakala, kin ga na iya." Ya share mata hawaye da bayan hannun, yana rawa a kan kumatunta, bai janye shi ba. "Ba ke za ki raka ni ba, kuka za ki yi mini a can. Dogo zai raka ni. Duba masa ƙafar tukuna."

Ta ɗauko akwatin magani daga mota, ta durƙusa a gaban Dogo. Kalmomin da ta jefe shi da su suna tsaye a tsakaninsu, ba ta san ta inda za ta fara kwashe su ba. Ta ja bandejin da ƙarfi.

"A hankali, Nas."

"Yi mini shiru. Ban huce ba."

"Ni ma ban huce ba."

Ta sassauta naɗin, ta sake farawa daga ƙasa. A bakin ƙofar ofis Yaya yana tsaye yana jiransu, hannayensa biyu a waje.